Daga Magani Zuwa Tsaraba: Tarihin Kayan Zaƙin Mutanen Japan

A cikin shekarar 756, bayan rasuwar Sarki Shomu na ƙasar Japan, uwargidansa Komyo ta tattara kayayyakin da ya bari ta kai su sadaka babban ɗakin ibada na Todaiji da ke birnin Nara. Cikin kayan nan har da magunguna iri 60, kuma takardar da aka jera sunayensu tana nan ajiye har yau a taskar da ake kira Shosoin. Wanda ya bi jerin nan zai tarar da sunan sukari a tsakanin saiwoyi da sassaƙe. Watau a Japan ta wancan zamani sukari magani ne da ake kawowa daga ƙetare, kuma talaka yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Yau kuwa da wuya a sami babbar tashar jirgin ƙasa a Japan wadda ba ta da jerin kantunan kayan zaƙi, kuma ma'aikacin da ya dawo daga rangadi ba ya shiga ofis hannu rabbana, sai da kwalin da zai rarraba wa abokan aiki. Abin da ke tsakanin waɗannan zamanai biyu shi ne shekaru wajen dubu na ƙarancin sukari. Ƙarancin nan shi ya sa mutanen Japan suka ɗauki kayan zaƙi da daraja, suka keɓe wa kowane iri ranarsa da sunansa da siffarsa. Yanzu da sukari ya yi araha, sana'ar tana fama da wata matsala dabam.

Ma'anar sunan da kayan haɗi

Sunan kayan zaƙin gargajiya na Japan shi ne wagashi. Mai karatu da ya san ƙasashen Gana da Benin zai tuna da cukun Fulani mai irin wannan suna, to, amma sunan ne kurum ya zo ɗaya, babu wata dangantaka tsakaninsu. A harshen Japan wa na nufin abin da yake na ƙasar ne, sauran kalmar kuwa daga okashi take, watau abin taɓawa. Sunan ma bai daɗe ba, domin sai bayan shekarar 1868, sa'ad da kek da biskit da cakulan na Turawa suka shigo, aka bukaci kalmar da za ta raba na gida da na baƙi. Na baƙin aka sa musu suna yogashi.

Kayan haɗin wagashi ba su da yawa. Akwai shinkafa, musamman wata iri mai danƙo wadda ake turarawa a kirɓa a turmi da guduma har ta zama curi mai laushi da ake kira mochi. Akwai garin alkama, da sukari, da wani ƙaramin jan wake mai suna azuki, wanda ake dafawa da sukari a tuƙa har ya zama kwaɓi mai kauri. Wannan kwaɓi suke kira anko, kuma shi ne cikin yawancin kayan zaƙinsu. Mafi yawan waken da ƙasar ke nomawa daga tsibirin Hokkaido na arewa yake fitowa. Man shanu da madara da kitse kuwa ba su shiga sana'ar ba, saboda tun shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar taƙaita cin naman dabbobi, kuma a ƙarƙashin koyarwar addinin Buddha kiwo domin nama da nono bai yaɗu ba sai cikin ƙarni na 19.

Kafin zuwan sukari

A asali kalmar okashi 'ya'yan itatuwa take nufi. Littafin tarihin nan mai suna Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720, ya kawo labarin wani bafade mai suna Tajimamori, wanda Sarki Suinin ya aika wata ƙasa mai nisa ya nemo wani ɗan itace mai ƙanshi dangin lemo. Bayan shekara goma ya dawo da shi, sai ya iske sarki ya riga mu gidan gaskiya, ya yi ta kuka a bakin kabari har shi ma ya cika. Masu sana'ar kayan zaƙi sun ɗauke shi uban sana'arsu, kuma har yau suna ziyartar wurin ibadar da aka keɓe masa a garin Toyooka.

Zaƙin da mutanen dā suka sani shi ne na busasshen kaki, wani ɗan itace dangin kanya amma ya fi ta girma nesa, da na maɗin da ake yi da shinkafa da tsiron hatsi, da kuma amazura, watau ruwan wani tsiro mai yaɗo da ake tatsa cikin sanyi a dafa har ya yi kauri. Wata marubuciyar fada mai suna Sei Shonagon, wadda ta rayu wajen shekarar 1000, ta ambaci kankararren ruwa da aka goge aka zuba masa amazura a cikin abubuwan da take ganin na ƙasaita ne. Har yanzu masu sana'ar sukan ce ma'aunin zaƙin wagashi shi ne busasshen kaki, bai kamata a wuce shi ba.

Abin da aka samo daga ƙasar Sin

Daga shekarar 630 Japan ta riƙa aika jakadu da ɗalibai ƙasar Sin, har aka dakatar da aiken a shekarar 894. Cikin abubuwan da suka komo da su akwai kwaɓin gari da ake naɗawa siffa-siffa a soya a mai. Irin waɗannan soye-soye sun tsaya a fada da wuraren ibada, kuma har yau ana yin wasunsu domin baiko a wurin ibada na Kasuga da ke Nara.

Zuwa na biyu ya fi na farko tasiri. A shekarar 1191 wani malamin addinin Buddha mai suna Eisai ya dawo daga Sin da irin shayi, kuma malaman ɗariƙar Zen da suka biyo bayansa suka shigo da al'adar cin ɗan abin taɓawa tsakanin abinci da abinci. Ɗaya daga cikin abubuwan taɓawar shi ne yokan, wanda a Sin romon naman tunkiya ne. Da yake malaman ba sa cin nama, sai suka kwaikwayi kamanninsa da jan wake da gari. Sunan bai canja ba, har yau da haruffan "tunkiya" da "romo" ake rubuta shi, alhali kuwa ya zama sandar kwaɓin wake mai zaƙi da ake yankawa gunduwa-gunduwa.

Haka kuma manju, watau curin fulawa da ake turarawa. A Sin nama ake cusa masa. Riwaya ta ce wani mutumin Sin mai suna Rin Join ya zo Japan a shekarar 1349, ya zauna a Nara, ya riƙa cusa wa nasa kwaɓin wake domin malaman da ba sa cin nama. Gidan kayan zaƙi na Shiose da ke Tokiyo yana danganta asalinsa da wannan mutum.

Turawan Fotugal da ƙwai da sukari

A shekarar 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi, bayansu kuma 'yan kasuwa da 'yan mishan suka biyo. Su ne suka nuna wa mutanen Japan yadda ake zuba sukari da ƙwai da yawa a cikin kwaɓi a gasa. A shekarar 1569 wani ɗan mishan mai suna Luis Frois ya gana da Oda Nobunaga, jarumin da ya fi kowa ƙarfi a ƙasar a lokacin, ya ba shi kyautar kwalba cike da 'yan ƙananan ƙwayoyin sukari masu ƙaya-ƙaya. Su ake kira konpeito. A wani tsohon gida a Kiyoto da aka kafa a shekarar 1847 har yau ana yin su da hannu, ana juya ƙwayoyin a cikin babban kasko ana yayyafa musu ruwan sukari har wajen mako biyu kafin ƙayoyin su fito. Gidan sarautar Japan kan raba su a cikin 'yan battoci ranakun buki.

Daga Turawan nan ne kuma aka sami kasutera, wani kek mai laushi wanda sunansa ya samo asali daga Kastil ta ƙasar Sifen. Kantin Fukusaya na birnin Nagasaki yana gasa shi tun shekarar 1624. Akwai kuma wata alewa mai suna aruheito. Wasu masana harshe suna ganin sunanta daga kalmar Fotugal alfeloa yake, ita kuma daga halawa ta Larabci, watau tushen da kalmar alewa ta Hausa ta fito.

An hana addinin Kirista a shekarar 1614, aka kori Turawan Fotugal a 1639, amma kek da alewarsu suka zauna. Daga shekarar 1641 Turawan Holan ne kaɗai aka yarda su yi ciniki, su ma a kan ɗan tsibirin Dejima da ke bakin Nagasaki. Jiragensu da na mutanen Sin suka riƙa kawo sukari, ana ɗaukarsa ta hanyar da ta tashi daga Nagasaki zuwa Kokura, wadda yanzu ake wa laƙabi da Hanyar Sukari. Garuruwan da ke kan hanyar nan har yau an san su da son zaƙi a girki, kuma a yankin idan abinci bai ji sukari ba akan yi wa mai gida ba'a a ce Nagasaki ta yi nisa.

Zamanin Edo

Daga 1603 zuwa 1868 mulki yana hannun gidan Tokugawa, waɗanda ke riƙe da sarautar shogun, watau sarkin yaƙi mai gudanar da ƙasa daga birnin Edo, Tokiyo ta yau, shi kuwa sarki yana Kiyoto. Zaman lafiyar shekaru fiye da 250 shi ya ba sana'ar damar bunƙasa. A ƙarshen ƙarni na 17 masu sana'ar Kiyoto suka fara yi wa fada da attajirai kayan zaƙi da farin sukari, suna ba kowanne suna daga tsofaffin waƙoƙi da yanayin shekara. Suka kuma shirya littattafan samfur masu zane da launi, mai saye ya duba ya zaɓa. Gidan Toraya, wanda ke kai wa fada kaya tun zamanin Sarki Goyozei da ya hau gado a 1586, yana da irin wannan littafi na shekarar 1695.

A tsakiyar ƙarni na 17 ne kuma aka gano kanten a Fushimi kusa da Kiyoto. Ana dafa wata ciyawar teku ne, a bar ruwan ya daskare, a shanya shi cikin tsananin sanyi har ya bushe. Idan aka narkar da shi aka haɗa da kwaɓin wake sai ya sandare ya yi sheƙi. Da shi aka sami yokan irin na yau, wanda ke daɗewa bai lalace ba.

Hukuma ma ta shiga ciki. Kowace ranar 16 ga wata na shida hakimai kan taru a fadar Edo, a shimfiɗa kayan zaƙi wajen 20,000 a babban zaure, a raba musu a gaban shogun. Bukin ana kiransa kajo, kuma riwaya ta kai asalinsa shekarar 848, sa'ad da aka ce Sarki Ninmyo ya yi baikon kayan zaƙi 16 domin neman tsari daga annoba. Bukin ya mutu bayan 1868, amma a shekarar 1979 ƙungiyar masu sana'ar ta mai da 16 ga Yuni Ranar Wagashi.

Talakawa kuwa nasu yana bakin hanya da ƙofar wuraren ibada, inda matafiya ke hutawa su sha shayi. Kantin Akafuku na Ise ya fara sayar wa masu ziyara mochi mai lulluɓin kwaɓin wake a 1707. A 1717 wani mai gadin ɗakin ibada na Chomeiji a Edo ya fara jiƙa ganyen itacen sakura a gishiri yana naɗe mochi da shi, aka sami sakuramochi.

Waɗanda suka ɗauki nauyin zaƙin

Sayen sukari daga waje yana kwashe azurfa da tagullar ƙasa, saboda haka shogun na takwas, Yoshimune, wanda ya yi mulki daga 1716 zuwa 1745, ya ƙarfafa noman rake a gida. Zuwa ƙarshen ƙarnin manoman Sanuki da Awa a tsibirin Shikoku suka ƙware wajen yin wasanbon, wani lallausan sukari da ake murzawa da hannu a matse sau da yawa har ya yi fari. Shi ne har yau sukarin kayan zaƙi masu tsada.

A kudu kuwa labarin ba daɗi. A shekarar 1609 masarautar Satsuma ta ci tsibiran Ryukyu da yaƙi, ta riƙe tsibiran Amami a hannunta. Daga tsakiyar ƙarni na 18 aka sa mutanen Amami su riƙa biyan haraji da mazarƙwaila maimakon shinkafa. Wajen shekarar 1830, da bashi ya yi wa Satsuma katutu, sai ta ƙwace cinikin gaba ɗaya: duk abin da manomi ya dafa na hukuma ne, wanda ya sayar a ɓoye hukuncinsa mai tsanani ne. Gonakin abinci suka koma na rake, in yunwa ta zo sai mutane su koma cin 'ya'ya da ɓargon wani itace mai dafi da ake kira sotetsu, bayan sun sha wahalar cire dafin. Mutanen tsibiran suna kiran wannan zamani jahannamar mazarƙwaila. Ribar da Satsuma ta samu tana cikin abin da ya farfaɗo da baitulmalinta, kuma Satsuma na kan gaba cikin masarautun da suka tumɓuke gidan Tokugawa a 1868.

Kalandar da ake ci

Japan tana da yanayi huɗu, watau bazara mai furanni, da lokacin zafi, da kaka, da hunturu mai ƙanƙara, kuma kantin wagashi yana canja kayansa da canjin yanayi. Da sabuwar shekara kowane gida kan ajiye faifan mochi biyu, ƙarami bisa babba, da lemo a kai. A yawancin wurare ranar 11 ga Janairu ake farfasa su da guduma a ci. Ba a sa musu wuƙa, domin yanka a farkon shekara ana ganinsa mugun fata ne.

Ranar 3 ga Maris ta 'yan mata ce, ana yin mochi mai hawa uku, ja-ja da fari da kore. Ranar 5 ga Mayu ta yara ce, ana naɗe mochi da ganyen itacen kashiwa, wanda tsohon ganyensa ba ya faɗuwa sai sabo ya tsiro, alamar zuriya ba za ta yanke ba. A Kiyoto ranar 30 ga Yuni ake cin minazuki, mai kusurwa uku da jan wake a sama, domin wanke rabin shekarar da ya wuce. Cikin zafi ana yin kayan da ke da haske kamar ruwa, don ido ya ji sanyi. Sau biyu a shekara, sa'ad da dare da rana suka daidaita, ana ziyartar kaburburan iyaye da curin shinkafa mai lulluɓin wake. Abu ɗaya ne, amma da bazara sunansa botamochi, da kaka kuwa ohagi, kowanne da sunan furen lokacinsa. Daren cikar watan kaka ana jera fararen curi ana kallon wata. Ranar 15 ga Nuwamba yara 'yan shekara uku da biyar da bakwai kan karɓi doguwar alewa ja da fara, fatan tsawon rai.

Haka abin yake a rayuwar mutum. Ranar da yaro ya cika shekara ɗaya akan goya masa mochi mai nauyin wajen kilo biyu, ana fatan kada ya rasa abinci har abada. Ranar buki ana raba manju ja da fari, ranar makoki kuma akwai nasa. Ko kalmar oyatsu, watau abin taɓawar yara na ƙarfe uku na yamma, daga tsohon lissafin lokaci take, inda sa'a ta takwas ke faɗawa tsakanin azahar da la'asar.

Aikin hannu da zaman shayi

Masu sana'ar suna kasa kayansu bisa yawan ruwan da ke jiki. Mai ruwa fiye da kashi 30 cikin ɗari shi ne ɗanye, wanda galibi a ranar ake cinye shi. Mai ƙasa da kashi 10 shi ne busasshe, wanda ake dannawa a cikin sassaƙaƙƙen katako ya fito da siffar fure ko kifi. Sauran suna tsakani.

Ƙololuwar gwaninta ita ce nerikiri. Ana haɗa kwaɓin farin wake da ɗan mochi, a rina shi, a naɗe curin anko da shi a tafin hannu, sa'an nan a fitar da siffa da wata sandar katako mai kusurwa uku, ko da ƙyalle, ko da almakashi. Cikin 'yan mintoci gwani zai fitar da fure mai ganye-ganye wanda bai fi ƙwan kaza girma ba. A zaman shan shayi na gargajiya, wanda Sen no Rikyu ya daidaita ƙa'idojinsa kafin rasuwarsa a 1591, baƙo yana cinye abin zaƙin tukuna kafin a miƙo masa koren shayi mai ɗaci wanda ba a sa masa sukari. Ladabi ne baƙo ya tambayi sunan abin da aka ba shi, domin a cikin sunan mai masauki ke ɓoye saƙonsa game da ranar.

Bayan shekarar 1868

Da Japan ta buɗe ƙofarta ga Turawa, masu sana'ar suka sake yin abin da kakanninsu suka yi da kayan Sin da na Fotugal. A 1874 Kimura Yasubei na Tokiyo ya cusa kwaɓin wake a cikin burodi, ya kumbura shi da yis ɗin shinkafa, aka sami anpan, wanda aka kai wa Sarki Meiji ranar 4 ga Afrilu 1875. A 1899 Morinaga Taichiro ya dawo daga Amurka ya kafa masana'antar alewa. Sukari ma ya sauko, musamman bayan Japan ta mallaki Taiwan a 1895 ta mai da ita gonar rake. A unguwanni aka sami 'yan kantunan dagashi, inda yaro ke zuwa da 'yan sulallansa bayan an tashi makaranta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da hannun agogo baya. A 1940 aka fara rabon sukari da kati, kantuna da yawa suka rufe, kuma ba a saki cinikin sukari ba sai 1952. Bayan nan masana'antu suka cika kasuwa. Kamfanin Glico ya fito da Pocky a 1966. Wani abin taɓawar yara mai suna Umaibo ya fito a 1979 a kan yen 10, bai ƙara kuɗi ba sai 2022, abin da ya zama babban labari a jaridun ƙasar. Cakulan Kit Kat kuwa, da yake sunansa ya yi kama da kalmomin Japan masu nufin lalle za a yi nasara, ya zama kyautar da ake ba ɗalibai lokacin jarrabawar shiga jami'a.

Tsaraba da ban haƙuri

Babu inda kayan zaƙi suka fi shiga rayuwar ma'aikaci kamar wajen kyauta. Kowane gari yana da abin da aka san shi da shi, misali yatsuhashi mai ƙanshin kirfa na Kiyoto, da manju mai siffar ganye na Miyajima kusa da Hiroshima. Ana shirya su ɗai-ɗai a cikin kwali daidai yadda za a ajiye wa kowa nasa a kan tebur. Tsakiyar shekara da ƙarshenta ana aika wa iyayen gida da waɗanda suka yi wa mutum alheri. Wanda ya yi kuskure a wurin aiki kuwa yakan tafi ban haƙuri da kwalin kayan zaƙi, kuma galibi yokan ake zaɓa, saboda nauyinsa a hannu yana nuna an ɗauki laifin da nauyi. Daɗewarsa ta sa har ana yin wani iri da ke kai shekara biyar, ana ajiye shi cikin guzurin girgizar ƙasa.

Da yake abin kyauta ne, amana ita ce jarin mai sana'a. A shekarar 2007 aka gano kantin Akafuku yana canja kwanan watan da ke jikin kayansa, hukuma ta dakatar da shi, bai sake buɗewa ba sai farkon 2008. Mochi kuma yana da nasa haɗari. Kowace sabuwar shekara hukumar kashe gobara ta Tokiyo kan gargaɗi jama'a su yanka shi ƙanana, domin yakan maƙale a maƙogwaron tsofaffi har a rasa rai.

Halin da ake ciki

Matsalar yau ita ce ta magada da ta masu saye. Yawan jama'ar Japan yana raguwa, matasa sun fi karkata ga kek da cakulan, kuma kantunan da ba sa rufewa dare da rana suna sayar da wagashi na inji a kan kuɗi kaɗan. Koyon tuƙa anko da sarrafa nerikiri yana cin shekaru, ga tashin asuba, saboda haka ƙananan kantunan unguwa da yawa suna rufewa idan mai su ya tsufa. Ko manyan gidaje ba su tsira ba. Surugaya na Wakayama, wanda ke kai asalinsa shekarar 1461, ya karye a 2014, sai da mutanen gari suka yi ta kiraye-kiraye aka sami mai saye ya sake buɗe shi a 2015. Annobar korona ta 2020, da ta tsayar da tafiye-tafiye, ta ƙara durƙusar da cinikin tsaraba.

Masu sana'ar ba su zauna ba. Toraya ya buɗe reshe a birnin Faris tun 1980. Cikin shekarun 1980 aka fara cusa ɗanyen ɗan itacen sitiroberi a cikin mochi, tsofaffi suka yi gunaguni, yau kuwa ya zama na kowa. A shekarar 2022 gwamnati ta shigar da gwanintar yin ɗanyun kayan zaƙi masu suna, irin su nerikiri, cikin rajistar al'adun ƙasa da ake kiyayewa.

A ƙofar wurin ibada na Imamiya da ke arewacin Kiyoto akwai wani kanti mai suna Ichiwa, wanda aka ce an kafa shi a shekarar 1000 domin ciyar da masu zuwa roƙon tsari daga annoba. Abu ɗaya tak yake sayarwa: 'yan curin mochi kamar kan babban yatsa, a birkiɗa su a garin waken soya, a tsire su a tsinken gora, a gasa a kan gawayi, a tsoma a miyar farin miso mai zaƙi. A shekarar 2020 zuriya ta 25 ce ke riƙe da shi. Daura da shi akwai wani kantin da ke sayar da irin wannan mochi, wanda ya yi wajen shekara 400, kuma shi ne ƙarami a cikin biyun.